Tarihin Dokta John Langdon Down

An haifi John Langdon Down ranar 18 ga watan Nuwamban 1828 a garin Torpoint da ke kudu maso yammacin Ingila.

Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta domin taya mahaifinsa aiki a kanti. Daga bisani ya tafi Landan ya karanci harhaɗa magunguna, kana ya shiga karatun likita a 1853.

A 1858 aka naɗa shi babban likitan gidan Earlswood da ke lardin Surrey, inda ake ajiye masu taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Ya tarar da ƙazanta da cututtuka da kuma horo mai tsanani. Ya hana dukan yara, ya inganta abinci da tsafta, ya kuma sa ana koya musu sana'o'in hannu.

A nan ne ya lura da wasu yara masu kama da juna a fuska da ɗabi'a, alhali ba su haɗa dangi ba. A 1866 ya wallafa bayani a kansu.

Sai dai ya danganta kamanninsu da mutanen Mongoliya, lamarin da ya haifar da laƙabin da ya zama abin gori, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina amfani da shi a 1965. A yau lalurar na ɗauke da sunansa.

Matarsa Mary ta yi shekaru tana koyar da yaran Earlswood ba tare da albashi ba. Bayan saɓani da hukumar gidan, Dokta Down ya ajiye aiki a 1868, suka kafa nasu gidan mai suna Normansfield kusa da Landan.

A can an koya wa yara karatu da noma da kiɗa, aka kuma gina musu zauren wasan kwaikwayo a 1879.

To amma iyalai masu hali ne suka fi samun wannan gata, domin kuɗi ake biya.

Dokta Down ya rasu ranar 7 ga watan Oktoban 1896, kuma 'ya'yansa Reginald da Percival, dukansu likitoci, suka ci gaba da aikin. Bayan rasuwarsa aka haifa wa Reginald ɗa mai wannan lalura, wanda ya girma a Normansfield cikin danginsa.

Sai a 1959 masu bincike a Faransa suka gano musabbabinta: ƙwayar gado ta 21 kan zo guda uku a maimakon biyu. Ke nan ba aikin aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba.

Kusan rabin waɗannan jarirai kan zo da matsalar zuciya, don haka iyaye a Samaru ko Sabon Gari na buƙatar kai su asibiti da wuri, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Aikin Dokta Down ya nuna cewa yaran na iya koyon abubuwa da dama idan aka ba su kulawa, kuma nauyin kan ragu ga iyaye idan dangi da maƙwabta da makarantu suka kama musu.

Tun 2012 Majalisar Ɗinkin Duniya ke tunawa da masu lalurar a ranar 21 ga watan Maris na kowace shekara.