Jacob Grimm (1785-1863): Daga Tatsuniya zuwa Ƙamus

Idan gidajen telebijin suka shirya fim kan rayuwar marubutan littattafan yara na da, da wuya su tsallake ƴan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm. Hoton da ya zauna a zukatan jama'a shi ne na dattawa biyu masu bin ƙauyuka suna sauraron tatsuniyoyi daga bakin manoma. Tarihi bai goyi bayan wannan hoto ba. Suna samari suka soma aikin, kuma babbansu, Jacob, a nazarin harshe ya ƙarar da rayuwarsa.

An haifi Jacob a garin Hanau ranar 4 ga Janairun 1785, Wilhelm ya biyo shi bayan shekara guda. Mahaifinsu masanin shari'a ne mai riƙe da muƙami a Steinau. Ya rasu a 1796, Jacob na da shekara 11, gidan ya faɗa cikin talauci. Wata ƴar'uwar mahaifiyarsu ce ta ɗauki nauyin karatunsu a Kassel. A 1802 Jacob ya shiga jami'ar Marburg don koyon shari'a, inda malaminsa Savigny ya nuna masa cewa ba a gane doka sai an bi tarihinta. Wannan hanya ce ya ɗauka ya yi amfani da ita a kan harshe.

Juzu'in farko na tatsuniyoyinsu ya fito a 1812 da labarai 86. Yawancinsu sun same su ne daga tsofaffin littattafai da kuma mata masu ilimi na Kassel, kamar ƴan gidan Hassenpflug, waɗanda ke da tsatson Faransa. A wurin Jacob tatsuniya shaida ce ta yadda magabata suka yi magana da tunani, don haka ya so a bar ta yadda aka ji ta. Da aka yi kukan cewa littafin bai dace da yara ba, Wilhelm ne ya ɗauki aikin gyara. Ya sassauta lafazi, a wasu labaran ya mai da muguwar uwa ta zama matar uba. Bugu na bakwai, na 1857, ya ƙunshi tatsuniyoyi 200. Labaran sun iso har ƙasar Hausa, domin suna cikin taskokin da Abubakar Imam ya ɗebo daga gare su a Magana Jari Ce.

Shi kuwa Jacob ya duƙufa kan nahawun harsunan dangin Jamusanci, wanda ya fara fitowa a 1819. A bugun 1822, bisa harsashin da Rasmus Rask na Danmak ya kafa, ya nuna cewa sautuka suna sauyawa ne bisa tsari. Inda Latin ke da p, t, k, tsohon Jamusanci da ƴan'uwansa suna da f, th, h: pater ya yi daidai da father na Ingilishi, tres da three, cornu da horn. Wannan ita ce Dokar Grimm. Ɗalibin Hausa ya san jikarta, wato Dokar Klingenheben, wadda ta bayyana yadda k na ƙarshen gaɓa ya koma w, har aka samu talaka da talauci daga tushe ɗaya.

A 1830 ƴan'uwan suka koma jami'ar Göttingen. A 1837 sabon sarkin Hanover, Ernst August, ya soke kundin tsarin mulkin da malaman jami'a suka yi rantsuwa a kansa. Malamai bakwai, har da Jacob da Wilhelm, suka rubuta takarda cewa rantsuwarsu tana nan. Aka kore su duka daga aiki, aka ba Jacob da wasu biyu kwana uku su bar ƙasar. Yana da shekara 52 ya koma Kassel babu albashi.

Cikin wannan zaman rashin aiki ne, a 1838, suka karɓi tayin masu buga littattafai na rubuta babban ƙamusun Jamusanci, wanda zai bi kowace kalma da tarihinta da misalan amfaninta. A 1841 suka koma Berlin bisa gayyatar sarkin Prussia, a 1848 kuma aka zaɓi Jacob wakili a majalisar Frankfurt. Juzu'in farko na ƙamusun bai fito ba sai 1854.

Jacob bai taɓa aure ba. A gidan ƙanensa ya zauna, ɗakunan nazarinsu na maƙwabtaka da juna. Wilhelm ya kammala harafin D, ya rasu a 1859. Jacob ya ci gaba shi kaɗai har ranar 20 ga Satumban 1863, lokacin da mutuwa ta riske shi a harafin F, a kan kalmar Frucht, wato ɗan itace. Masana na baya suka ɗora daga nan, ba a kammala ƙamusun ba sai 1961, cikin juzu'i 32.

Yara a ko'ina sun san sunan Grimm ta hanyar tatsuniya, masana harshe kuma ta hanyar doka da ƙamus. A wurin Jacob aikin ɗaya ne: a ji abin da mutane suka faɗa, a rubuta shi da amana, sannan a nemi tsarin da ke cikinsa.