Wilma Rudolph, Yarinyar Da Shan Inna Bai Kayar Ba

'Yan'uwana mata, yau ga tarihin Wilma Rudolph, baƙar fatar Amurka da aka haifa a jihar Tennessee a 1940, ta 20 cikin 'ya'ya 22 na mahaifinta.

Tana ƙarama shan inna ya kama ƙafarta ta hagu. Mahaifiyarta Blanche ba ta naɗe hannu ba, ta dinga kai ta asibitin Nashville cikin bas, a gida kuma kullum ana yi mata tausa. Sai da ta shekara 12 ta rabu da ƙarfen ƙafa, ta kama ƙwallon kwando da gudu.

A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ta yi targaɗe kafin tsere, amma ta daure ta ci zinariya a mita 100 da mita 200. A tseren miƙa sanda na mutum huɗu, saura kaɗan sandar ta suɓuce mata, ta dake ta ciyo zinariya ta uku tare da abokanta.

Daga baya ta zama malamar makaranta. Ta rasu a 1994.

To iyaye mata, ku kai yara rigakafi, wanda kuma ya nakasa kada a tura shi bara, a sa shi makaranta.