ROBERT BROWN, BATUREN DA YA RAƊA WA ƊORAWA SUNA

Duk mutumin Arewa da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan ya san yadda marmarin miyar kuka mai daddawar gida yakan kama mutum. Yarbawa ma suna da tasu, suna ce mata iru, duk kuwa daga kalwar ɗorawa ake yi. To, in mai karatu ya buɗe littafin masana itatuwa zai tarar dangin ɗorawa a wurinsu Parkia ne sunansu, a gefen sunan kuma an sa haruffa uku, R.Br. Haruffan nan taƙaitaccen sunan wani Bature ne, Robert Brown, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma labarinsa ya ratsa ta ƙasar Katagum.

An haifi Brown ran 21 ga Disamba, 1773, a garin Montrose na ƙasar Sikotilan. Ubansa malamin coci ne. Ya shiga karatun likita a jami'ar Edinbara, amma hankalinsa duk yana kan ciyayi, har ya fita ba takardar shaida. Cikin 1795 ya shiga soja, ya zama mataimakin likitan runduna, aka kai su Ailan. Can ma in ya sami sarari sai tsintar ganyaye da koyon Jamusanci.

Sir Joseph Banks, babban mai daraja cikin masana kimiyya na Ingila a zamanin, shi ya zaɓe shi ya bi jirgin ruwan Kyaftin Matthew Flinders zuwa Ostareliya cikin 1801. Sai 1805 ya komo, da irin tsiro fiye da 3,000, da yawansu Turawa ba su taɓa gani ba. Ya zauna ya tsara su, cikin 1810 ya buga littafi da Latin da kuɗin aljihunsa, ana kiransa Prodromus. Guda 250 aka buga, abin da aka saya bai kai 30 ba. Ransa ya ɓaci, kashi na biyu na littafin bai sake fitowa ba har ya mutu. Amma fa 'yan kaɗan ɗin da suka karanta manyan malamai ne. A Jamus aka sake buga shi, daga baya ma aka tattara rubuce-rubucen Brown aka juya su cikin Jamusanci.

Yanzu bari mu zo gida. Cikin 1822 wasu Turawa uku suka taso daga Tarabulus suka ƙetare Sahara: Manjo Denham, da Clapperton, da Likita Walter Oudney. Oudney shi ne mai tsintar tsirrai cikinsu. Suka sauka Kukawa wurin Shehu Laminu a watan Fabrairu 1823. Ƙarshen shekarar Oudney da Clapperton suka kama hanyar Kano, alhali tari ya riga ya ci jikin likitan. Farkon Janairu 1824 suka iso Katagum, watau tsohon birnin, tun ba a mai da sarauta Azare ba, Sarki Ɗankauwa ya karɓe su da karimci. Suka huta, suka tashi, amma ba su yi nisa ba, ran 12 ga Janairu Oudney ya cika a garin Murmur. Clapperton ya binne shi a gindin wata itaciya a bayan gari, ya sa aka kewaye kabarin da katangar ƙasa saboda namun daji, sa'an nan ya wuce Kano da Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello.

Busassun ganyayen da mamacin ya tara suka isa Landan, aka danƙa wa Brown. Iri wajen 300 ne, 77 daga Borno, 16 kacal daga ƙasar Hausa, don mai tsintar ya rasu tun a bakin ƙofa. Wani malamin da ya duba sama-sama ya ajiye. Brown kuwa ya bi su ɗaya ɗaya, ya rubuta bayani wanda aka liƙa a ƙarshen littafin tafiyar Denham da Clapperton cikin 1826. A nan ne ya nuna ɗorawa ba ta cikin dangin da aka jefa ta a dā, ya ware mata nata, ya sa masa sunan Mungo Park, Baturen nan da ya halaka a Kwara wajen Busa. Wata ciyawar hamada kuma ya kira ta Oudneya, don kada sunan likitan ya ɓace.

Abu biyu da suka fi ɗaukaka shi, kowanne 'yar gajeruwar takarda ce. Cikin 1827, shekarar da ya koma aiki a gidan tarihi na Biritaniya, ya zuba garin fure cikin ruwa ya duba da madubin ƙara girma. Sai ya ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da suka fito daga garin suna ta rawa ba tsayawa. Da farko ya zaci rai ne. Maimakon ya yi shela, sai ya gwada da furen da ya daɗe da bushewa, ya niƙa gilashi, ya niƙa duwatsu, har da ɓallin babban gunkin dutsen nan na Masar. Duk suka yi rawar. Ya rubuta abin da ya gani cikin 1828, ya nuna ba rai ne ke kawo motsin ba, bai kuwa ƙaga dalilin da bai tabbatar ba. A ganina wannan haƙuri nasa ya fi ganin da ya yi wuya. Sai 1905 Albert Einstein ya yi lissafin da ya nuna ƙwayoyin ruwan ne da ido ba ya gani ke tunkuɗar abubuwan ta kowane gefe. Jean Perrin na Faransa ya gwada ya tabbatar, aka ba shi kyautar Nobel cikin 1926. Har yau motsin Brown ake kiran abin.

Na biyun kuwa, masana sun riga sun san jikin tsiro ginin 'yan ƙananan ɗakuna ne, kamar saƙar zuma, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Brown yana duba fatar ganyen furen okid sai ya lura kowane ɗaki yana da wani dunƙule guda a ciki. Ya ba shi suna nukiliyas, watau ƙwallon ciki, cikin takardar da ya karanta wa Ƙungiyar Linnean a 1831, aka buga 1833. Akwai waɗanda suka zana shi kafin Brown, shi ma bai san aikinsa ba. Amma da maganarsa Schleiden na Jamus ya kafa hujja cikin 1838, Schwann ya ɗora a kai cikin 1839 ya nuna jikin dabba ma haka yake. Yau an san a cikin dunƙulen nan gadon kamanni yake, abin da ke sa ɗa ya ɗauko ubansa.

A zamanin nan jami'o'i suna auna malami da yawan takardun da ya buga da yawan waɗanda suka ambace shi, lissafin da Eugene Garfield na Amurka ya fara fitar da kundinsa cikin 1964. Brown mutum ne mai jan ƙafa wajen bugawa, mai rowar abin da ya sani, kamar yadda Charles Darwin, wanda ya nemi shawararsa kan madubi kafin tafiyarsa ta 1831, ya lura. Duk da haka ba mai iya ƙirga sau nawa aka rubuta R.Br. a bayan sunan tsiro.

Bai taɓa aure ba. Ya shugabanci Ƙungiyar Linnean daga 1849 zuwa 1853, ya rasu a Landan ran 10 ga Yuni, 1858, yana da shekara 84. Ran 1 ga Yuli ƙungiyar ta yi taro na musamman don cike gurbinsa a majalisarta, a taron nan kuwa aka fara karanta takardun Darwin da Wallace kan yadda halittu ke sauyawa.