Marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa Da Bam Ɗin Faransa

An haifi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi cikin 1912. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito malamin makaranta a 1933. Ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957.

An san shi da haƙuri da sanyin hali, har waɗansu suna ganin ya cika lallaɓa Turawa. Amma maganar bam ta nuna wani halin nasa. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Hankalin jama'a ya tashi, don kuwa daga hamada iskar hunturu take kwaso ƙura ta zuba a garuruwa irin su Katsina, bisa gonaki da rijiyoyi. Ƙasashen Afirka suka yi ta kuka, Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Da ta fasa na uku ran 27 ga Disamba, Alhaji Abubakar bai yi wata-wata ba. Cikin Janairu 1961 ya kori jakadanta, Raymond Offroy, daga Ikko, ya kuma hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa Nijeriya.

Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966.