Tarihin Marigayi Alhaji Audu Bako Da Sha'anin Ruwan Noma

Daga cikin mutanen da suka riƙe mulkin ƙasar Kano bayan tashin Turawa, da wuya a sami wanda talakawa ke ambato kamar marigayi Alhaji Audu Bako. Shekara 8 kaɗai ya yi yana Gwamna, ga shi yau fiye da shekara 40 da rasuwarsa, amma har yanzu in ana taɗin ruwan sha ko noman rani sai sunansa ya fito. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihinsa, tun ba mutanenmu na Gaya da Ajingi ba, gama kogin da ya tare a Tiga shi ne ke bi ta gefen ƙasarsu, kuma labarin wannan kogi ya haɗa gwamnatoci da yawa, na nesa da na kusa.

Haihuwarsa Da Aikin Ɗan Sanda

An haifi Audu Bako cikin 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna. Mahaifinsa ya daɗe yana aikin ɗan sanda, daga baya ya zama Sarkin Sabon Garin Kaduna. Yaron ya fara karatu nan Kaduna, sa'an nan ya wuce Midil ta Zariya. Cikin 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya gaji ubansa ya shiga aikin ɗan sanda. Ya yi ta hawa daki-daki, ya koyar da doka a makarantar 'yan sanda ta Kaduna, har ya kai Mataimakin Kwamishina mai lura da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa.

Wannan aiki ya amfane shi ƙwarai, don ya sanar da shi sarakuna da hakimai da halin da talakawa ke ciki a lardi-lardi. Wanda duk ya san Arewa a wannan zamani ya san arzikinta da tsiyarta duka suna rataye ne ga ruwan sama na wata huɗu. In damina ta yi kyau a cika rumbu, a sayar da gyaɗa a biya haraji. In ta ɓaci kuwa, sai cin rani da bashi. Tsofaffin ƙasar Kano ba su manta da yunwar Kakalaba ta 1914 ba.

Ran 27 ga watan Mayu, 1967, Shugaban Ƙasa Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jiha 12, aka ba Audu Bako Jihar Kano. A lokacin nan ta haɗa ƙasashen Kano da Haɗejiya da Gumel da Kazaure, watau har da Jihar Jigawa ta yanzu, wadda sai 1991 aka cire. Ya kama aiki ana yaƙin basasa, kuɗi kaɗan, ma'aikata masu ilmin sana'a kaɗan, jama'a kuwa jingim. Cikin 1969 ya gyara tsarin En'e, ya karkasa jihar yanki-yanki don mulki ya kusanci mutanen ƙauye. Amma abin da ya fi sa wa zuciya shi ne ruwa.

Abin Da Ya Tarar

Kada mai karatu ya zaci shi ya fara tunanin tare koguna. Ya tarar an share fage, kuma gwamnatoci ne suka haɗa kai suka share shi. Tun ran 16 ga Oktoba, 1945, ƙasashen duniya suka kafa Hukumar Abinci da Aikin Gona, wadda ake kira FAO, Nijeriya kuwa ta shige ta cikin 1960, shekarar da ta sami mulkin kai. Cikin 1966 wannan hukuma ta fid da babban rahoto a kan yadda za a kyautata noman Nijeriya daga 1965 zuwa 1980.

Har wa yau, ran 22 ga Mayu, 1964, Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sadu da Shugaba Hamani Diori na Nijar, da Ahmadu Ahidjo na Kamaru, da Tombalbaye na Cadi, a birnin Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu. Suka sa hannu aka kafa Hukumar Tafkin Cadi, bisa sharaɗin kowace ƙasa ta shawarci 'yan'uwanta kafin ta yi wani aiki da zai taɓa ruwan da suke tarayya a kai. Gwamnatin Amurka kuma ta aiko da gwanayenta na sha'anin ruwa, suka auna ƙasa da kogunan da ke gangarawa Cadi ta wajen Nijeriya, suka ba da rahotonsu cikin 1968.

To, ina ruwan Kano da Tafkin Cadi? Ga yadda abin yake. Kogin Kano yana tasowa daga duwatsun kudu, ya haɗu da Calawa kafin Wudil. Daga nan ya zama kogin Haɗejiya, ya bi ta gefen ƙasar Gaya da Ajingi, ya wuce Ringim da Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun Nguru. Can ya gamu da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, kāna ya faɗa Cadi. Ashe ruwan da mai lambu ke ja a Ajingi ɗan'uwan wanda manomin tattasai ke jira ne a Diffa.

Rahotanni irin waɗannan an rubuta su da yawa a ƙasashen Afirka, suka ƙare cikin akwati gara ta cinye. Fifikon Audu Bako shi ne ya ɗauko takarda ya mai da ita aiki.

Bagauda Da Tiga

Ya fara da madatsar Bagauda, wadda aka gama cikin 1970. Da ruwanta aka buɗe gonar gwaji a Kadawa, inda masanan aikin gona na Samaru suka jarraba alkama da tumatir da masara da rani. Aka ɗauko kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya tsara hanyoyin ruwa na babban shirin da aka sa wa suna Aikin Kogin Kano, wanda kashinsa na farko aka nufa ya shayar da hekta 22,000, watau fiye da eka 50,000, a wajen Kura da Kadawa da Bunkure.

Sa'an nan aka fuskanci Tiga. An fara ginin cikin 1971, aka gama cikin 1974. Tsawon bangon ya kai kimanin kilomita 6, tafkin da ya taru a bayansa ya rufe murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Abin da ya kamata 'yan makaranta su riƙe shi ne, ma'aikatan jihar ne da kansu suka ɗauki nauyin mafi yawan ayyukan madatsun nan, daga cikinsu kuma aka sami hukumar WRECA wadda ta ci gaba da gina waɗansu bayansa. Baƙo ya zo da ilminsa da ma'auninsa, ɗan gida ya koya ya riƙe aikin. Ga ganinmu taimakon ƙasashen waje da ba a bi da shi haka ba, ranar da baƙo ya naɗe kayansa ranar yake mutuwa.

Ana cikin ginin Tiga sai Allah ya kawo farin 1972 zuwa 1974, wanda ya game ƙasashen bakin hamada tun daga Senegal har Habasha. Gero ya bushe a gona, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa. Mutanen Nijar, Buzaye da Fulani da Hausawa, suka kwararo kudu neman abinci, Kano na cikin wuraren da suka sauka. Masifar ta girgiza gadajen mulki, gama tana cikin dalilan da suka sa soja suka tuɓe Shugaba Diori cikin Afrilu 1974. Ta kuma farkar da gwamnatoci. Cikin Satumba 1973 ƙasashen Sahel, har da Nijar, suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a Wagadugu. Cikin Nuwamba 1974 aka yi Taron Abinci na Duniya a Rum, wanda ya haifi asusun IFAD na taimakon ƙananan manoma cikin 1977, Nijeriya na cikin masu zuba masa kuɗi. A Kano kuwa, waɗanda dā ke ganin madatsun nan ɓarnar dukiya ce suka yi shiru. Cikin 1975 ciwo ya faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta tafi ba ta komo ba, amfanin noman rani ya ƙara bayyana.

Banda ruwa, ya yi hanyoyi da makarantu da asibitoci, ya gina gidan namun daji da ofisoshin Gwamnati waɗanda ke ɗauke da sunansa a birnin Kano. Makarantar koyon aikin gona ta Ɗambatta ma da sunansa ake kiranta.

Saukarsa Da Rasuwarsa

Ran 29 ga Yuli, 1975, soja suka kawar da Gwamnatin Gowon, Janar Murtala Muhammad ya hau, aka sauke gwamnoni duka. Aka bincike su a kan dukiya, biyu kaɗai daga cikin 12 aka wanke, Audu Bako kuwa ba ya cikin biyun. Wajibi ne mai ba da tarihi ya faɗi wannan kamar yadda ya faɗi alherin. Ya koma gonarsa a Jihar Sakkwato ya kama noma, a can Allah ya yi masa rasuwa cikin 1980.

Gadon Da Ya Bari

Amfanin aikinsa a fili yake. Birnin Kano na shan ruwan Tiga. Kura da Kadawa sun zama matattarar shinkafa da tumatir da ake lodi zuwa Ikko. Yaran da dā ke tafiya cin rani da kaka sun sami abin yi a gida. Gaya da Ajingi ba su cikin filayen da hanyoyin ruwan suka ratsa, yawancin gonakinsu jigawa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa. Amma kogin da dā yakan ƙafe da rani ya zama yana gudana saboda ruwan da ake saki daga Tiga, masu lambu a bakinsa suka sami albasa da tumatir da tattasai. Da aka kafa hukumar KNARDA a farkon shekarun 1980 da rancen Bankin Duniya, Gaya aka mai da hedkwatar ɗaya daga cikin shiyyoyinta. Shirin Fadama da ya biyo baya cikin shekarun 1990, shi ma da kuɗin wannan banki, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban-ruwa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Dubban mutane aka tasa daga gidajensu da gonakinsu don tafkin Tiga. Madatsar Bagauda ta ɓalle cikin Agusta 1988, ambaliyar 2001 kuma ta ci garuruwan bakin kogi a Kano da Jigawa. Babbar hasarar kuwa tana can gabas. Mutanen fadamun Haɗejiya da Nguru da ambaliyar damina suka dogara, da ita suke shuka shinkafa, su kama kifi, su yi kiwo in ruwa ya janye. Da aka tare Tiga, aka ƙara da madatsar Calawa cikin 1992, ambaliyar ta ragu. Ruwan da ke gudana rani da damina kuma ya ba ciyawar kacala dama ta toshe hanyoyin kogi, har ya zama ɗan kaɗan ne daga ruwan Haɗejiya ke isa Gashuwa, balle iyakar Nijar. Masanan da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun tarar, in aka auna da yawan ruwan da aka kashe, abin da fadamun nan ke bayarwa ya fi na gonakin ban-ruwa na sama. Tafkin Cadi kansa, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 cikin 1963, ya koma ƙasa da ushirin haka cikin shekarun 1980. Fari ne babban dalilin wannan, amma raguwar ruwa ta sa kowane ɗigo ya zama abin jayayya.

Ba Gwamna guda da zai iya warware irin wannan, kome ƙwazonsa, gama ikonsa na ƙarewa a iyakar jiharsa, kogi kuwa ya wuce. Saboda haka aka koma ga shawara. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kogin Haɗejiya da Jama'are. Hukumar haɗin kan Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa cikin 1971 tun yana kan mulki, ta kai ƙasashen biyu ga yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan raba ruwan kogunan da suke tarayya, har da Komadugu Yobe. Cikin 2006 jihohin Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato suka taru a Damaturu suka kafa asusun kula da kogin. Cikin 2012 ƙasashen Tafkin Cadi suka amince da dokar ruwa ta bai ɗaya. An rubuta alkawura masu kyau, saura cikawa, ita ce kuwa mai wuya.

Mutanen Gaya da Ajingi sun fi kowa cancantar fahimtar wannan magana, don a tsakiya suke zaune. Suna ƙarƙashin Tiga, in an saki ruwa ba gargaɗi su ke kwana cikin ambaliya, in an riƙe shi lambunsu ke ƙonewa. Suna kuma sama da Haɗejiya da Gashuwa da Diffa, abin da suka ɓarnatar wani ne ya rasa. Wanda ke son na sama ya ji tausayinsa, lalle ne ya ji tausayin na ƙasa da shi. Muna roƙon malaman makarantu su zana wa yara wannan kogi a allo tun daga mafarinsa har Cadi, su nuna musu garinsu a kai, su nuna musu garuruwan maƙwabta.

Audu Bako ya sami ruwa yana wucewa da damina jama'a na ƙishi da rani, ya tare shi iyakar saninsa da sanin zamaninsa. Aikin da ya rage wa na baya shi ne raba shi da adalci tsakanin jiha da jiha, da ƙasa da ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari. Amin.