Tewo Angelopulos, Mai Sinima na Ƙasar Girka

An haifi Tewo Angelopulos a birnin Atina ran 27 ga Afrilu 1935. Yana da shekara 9, a rikicin Disamba 1944, mayaƙa suka tafi da mahaifinsa. Shi da mahaifiyarsa sun bi gawawwaki suna nemansa, sai daga baya uban ya komo da ransa. Uban da ya ɓace ya dawo ya zama jigo a finafinansa.

Ya fara karatun shari'a, ya bari, ya tafi Paris a 1961. Babbar makarantar sinima ta kore shi saboda gardama da malami. Wanda ya karɓe shi, mu mutanen Nijar mun san shi sarai: Jean Rouch, wanda kabarinsa ke Yamai.

Da ya koma gida ya yi aiki a wata jarida, har sojoji suka rufe ta a 1967. A ƙarƙashin mulkinsu ya fara ɗaukar fim ɗinsa na ayarin ƴan wasan kwaikwayo masu yawo gari gari, yana nuna wa hukuma tatsuniyar dā ce kurum, alhali tarihin Girka ne daga 1939 zuwa 1952. Fim ɗin ya fito a 1975, tsawonsa kusan awa 4. Kamara takan daɗe ba a yanke ba; mai gaggawa ba ya jure shi.

A 1998 ya ci babbar kyautar Cannes. Ran 24 ga Janairu 2012, yana cikin ɗaukar sabon fim kusa da tashar jiragen ruwa ta Pire, babur ya buge shi ya rasu.