Thomas Rowlandson: ɗan cacar da ya zana Mutuwa sau 72

Idan kana cikin masu tura hoton barkwanci a WhatsApp kafin ka wanke fuska da safe, to ka san cewa sana'ar ta girmi wayarka da fiye da shekara 200. Ɗaya daga cikin iyayen gidanta shi ne Thomas Rowlandson, mai zane ɗan Ingila, wanda ya ɗauki abin da kowa ke tsoro, wato mutuwa, ya sa ta yawo a titunan Landan kamar 'yar unguwa.

An haife shi a Landan a 1757. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da jarinsa ya karye tun yaron yana ƙarami, sai kawunsa da matar kawun suka riƙe shi. A 1772 ya shiga makarantar zane ta Royal Academy, ya kuma je Faris ya ƙaro ilimi. Hannu kam akwai shi. Zanensa na wurin shaƙatawar Vauxhall, wanda aka baje a 1784, ya sa an fara yi masa kallon wanda zai yi nisa.

Sai caca ta shigo. Da matar kawunsa ta rasu ta bar masa gado mai tsoka, teburin caca ya lashe. An ruwaito yakan yi awa 36 a zaune bai tashi ba. Kai da kake da aboki a Tudun Wada ko Sabon Gari wanda kuɗin makarantarsa suka tafi a cacar ƙwallo ta waya, ka san yadda abin yake: kullum gobe ce za a ci. Abin da ya ceci Rowlandson shi ne alƙalaminsa. In aljihu ya bushe, sai ya koma ya yi ta zane yana sayarwa.

Haka ya haɗu da Rudolph Ackermann, Bajamushe mai shagon buga hotuna a titin Strand. Ackermann ya haɗa shi da marubuci William Combe, wanda shi ma bashi ya yi wa katutu har ya kai shi gidan kason masu bashi. Tsarin aikinsu abin dariya ne: Rowlandson ya fara zane, a kai wa Combe, shi kuma ya tsara baitoci su dace da hoton. Bayan sun yi suna da labarin Dakta Syntax, sai suka fito da The English Dance of Death, wato rawar mutuwa irin ta Ingila, daga 1814 zuwa 1816. Kowane wata hoto uku, har wata 24. Ana sassaƙa zanen a farantin tagulla, a buga a takarda, sannan ma'aikata su bi da hannu suna sa launi ɗaya bayan ɗaya.

Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Tun 1538 aka buga hotunan Hans Holbein a birnin Lyon na Faransa, inda ƙwarangwal ke zuwa ya ja sarki da fafaroma da manomi. Amma na Holbein wa'azi ne mai sa jiki sanyi. Rowlandson ya sauko da ƙwarangwal cikin gari, ya ba shi aikin yi. A wani hoton, likitan bogi yana auna wa marasa lafiya magani, ƙwarangwal kuwa yana bayan labule yana daka guba a turmi. A wani, yana zuba wa mashaya guba a barasarsu. Akwai wanda yake girgiza gadon jariri, mai reno ta bugu tana sharar barci. Akwai kuma na teburin caca, kuma ba sai na faɗa maka wa yake cinyewa ba. Wannan na ƙarshen, a ganina, mutumin da kansa yake.

Ka lura da abu guda: a wasu hotunan babu mai kallon ƙwarangwal ɗin. Kowa harkarsa yake yi. Na likitan bogin ya fi tsaya mini a rai, don in ka cire kayan Turawan, shagon ba shi da bambanci da teburin mai tallar ƙwayoyi a rana ranar kasuwar Tsafe ko Bungudu.

Mu ba mu da al'adar zana mutuwa, kuma kada wani ya ɗauka hoton mala'ika ne, misali ne kawai irin na masu zane. Namu da baki muke yi: mu ce mutuwa rigar kowa, mu ce ta ɗauke wane, ta yi mana yankan ƙauna, waƙoƙin wa'azi irin Imfiraji na Aliyu Namangi kuma su yi ta tunatarwa. Abin da ya dame ni shi ne yadda a Zamfara yanzu, da an kai hari ko mota ta kife a hanyar Funtuwa, sai ka ga gawar ɗan wani a Facebook kafin uwarsa ta ji. Rowlandson ya nuna mutuwa sau 72, ya tsorata mutane, ya ba su dariya, bai nuna gawar ɗan kowa ba.

A 1817 shi da Combe suka fitar da The Dance of Life, rawar rayuwa, amma ba ta yi ƙarfin ta farkon ba. Ya yi doguwar jinya, ya rasu a Landan a watan Afrilun 1827 yana da shekara 69, aka binne shi a cocin St Paul da ke Covent Garden.